Yadda Kofin Kamaru ya haye Binuwai: nazari kan Coton Sport ta Garwa, 2003 zuwa 2008

Daga samun 'yancin kai a 1960 har zuwa 2002, babu ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta arewacin Kamaru ko ɗaya da ta taɓa ɗaukar Kofin Kamaru. Shekara arba'in da 'yan kai kofin yana kai da komo tsakanin Yawunde da Duwala, wani lokaci ya leƙa ƙasar Bamileke da ke lardin Yamma ko yankin masu magana da Ingilishi, sannan ya dawo. Sai ga shi cikin shekara shida kacal, daga 2003 zuwa 2008, ya haye gadar Binuwai ya kwana a Garwa har sau huɗu. A majalisun shayi na Garwa da Marwa da Ngaundere, har da unguwar Briqueterie ta Yawunde inda Hausawa suka fi yawa, maganar da ake yi a lokacin ita ce arewa ta karɓe ƙwallo daga hannun 'yan kudu. In aka zauna aka duba sakamakon wasannin ɗaya bayan ɗaya, za a ga maganar tana da gyara. Ƙungiya guda ce ta yi wannan aiki, kuma kamfani guda ne a bayanta.

Kafin a kai ga sakamakon, ya kamata a san yadda tsarin yake, domin hanya biyu ce ƙungiyar lardi ke bi ta fito idon duniya a Kamaru. Ta farko ita ce Kofin Kamaru, gasar sili ɗaya ƙwale wadda babba da ƙarami ke shiga. Ƙananan ƙungiyoyi suna fara tankaɗe da rairaya a yankunansu, waɗanda suka tsira su haɗu da manyan rukunin farko, a yi ta zubar da juna har a rage biyu. Wasan ƙarshe ɗaya ne tak, a babban filin wasa na Ahmadu Ahijo da ke Yawunde aka saba yin sa, kuma shugaban ƙasa ko wakilinsa ne ke miƙa kofin. A ranar ne ake rufe kakar wasanni ta ƙasa baki ɗaya, har zakarun sauran wasanni su zo su karɓi nasu kofunan. Shi ya sa tsofaffin 'yan kallo da yawa suke fifita shi a kan kofin lig, duk da cewa lig ɗin ya fi wuyar ci.

Hanya ta biyu ita ce gasar da ake kira interpoules. Tun 1983, lokacin da aka raba tsohon lardin Arewa gida uku, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, ƙasar tana da larduna goma. Kowane lardi yana da gasarsa, sai a ƙarshen kaka a tara zakarun a raba su rukuni-rukuni, su fafata cikin 'yan kwanaki, kaɗan daga cikinsu su haura sama, sauran su koma gida su sake lale. Wannan ita ce ainihin gasar da yanki ke karawa da yanki. Ta wannan ƙofa Coton Sport ta shiga rukunin farko a farkon shekarun 1990.

An kafa Coton Sport a 1986 a ƙarƙashin Sodecoton, kamfanin auduga da aka kafa a 1974 wanda hedikwatarsa ke Garwa, kuma gwamnati ce ke da kaso mafi yawa a cikinsa. Duk wanda ya san karkarar Arewa da Arewa Mai Nisa ya san Sodecoton: shi ke ba manomi iri da taki da maganin feshi bashi, shi ke sayen auduga in an tsince, shi ke gurzar ta a masana'antunsa na Garwa da Marwa da Gidar da Kaele da sauransu, kuma daga angurya yake tatso man Diamaor da ake girki da shi a gidaje. Ƙungiyar da ta fito daga irin wannan gida ba ta fara rayuwa da roƙon kuɗin mota ba. Ta ci lig a karon farko a 1997, ta maimaita a 1998, abin da wata ƙungiyar arewa ba ta taɓa yi ba. A 1999 ta kai wasan ƙarshe na Kofin Kamaru, Canon ta Yawunde ta doke ta da ci 2-1. Canon kuwa ba kanwar lasa ba ce, ita ce ta ɗauki kofin zakarun Afirka a 1971 da 1978 da 1980.

Shekaru ukun da suka biyo baya suna da ban sha'awa ga mai nazarin yankuna, domin kofin ya bar manyan birane. A 2000 Kumbo Strikers ta Arewa Maso Yamma ce ta ɗauka, a 2001 Fovu ta Baham daga lardin Yamma, a 2002 Mount Cameroon ta Buea daga Kudu Maso Yamma. Ƙarfin tsofaffin gidajen Yawunde da Duwala ya riga ya fara ja baya, rigingimun shugabanci da rashin kuɗi sun cinye su. Ƙofa ta buɗe wa kowa. Abin tambaya shi ne wa zai shiga ya zauna, domin Kumbo da Buea sun shiga sau ɗaya sun fita.

Sakamakon wasannin ƙarshe

A 2003 Coton Sport ta haɗu da Sable ta Batié, ƙungiyar da ta ci lig a 1999 kuma ta sha kashi a wasan ƙarshe na 2002. Aka tashi 2-1, kofin ya nufi Garwa a karon farko. A shekarar ce kuma ta kai wasan ƙarshe na Kofin CAF, ɗaya daga gasannin ƙungiyoyin Afirka, inda Raja ta Kasablanka ta ci ta 2-0 a Maroko, aka yi canjaras babu ci a Kamaru.

A 2004 abokiyar karawar ta fi nauyi. Union ta Duwala ce, zakarar Afirka ta 1979, mai magoya baya a ko'ina cikin ƙasa. Coton ta ci ta ɗaya mai ban haushi. A ganina wannan wasa ya fi na 2003 muhimmanci, domin na farkon ana iya cewa ƙungiyar lardi ce ta doke ƙungiyar lardi, amma a 2004 ɗaya daga cikin manyan gidajen kudu aka kayar a gaban manyan ƙasa. Kocin wannan zamani shi ne Lamine N'Diaye ɗan Senegal, wanda daga baya ya je TP Mazembe ya yi suna.

Shekara biyu kofin ya kuɓuce. A 2005 Impôts FC ta Yawunde, ƙungiyar ma'aikatan haraji, ta doke Unisport ta Bafang da ci 1-0, a 2006 Union ta doke Fovu da ci 1-0. Haka gasar sili ɗaya ƙwale take, rana ɗaya in ƙafa ta ƙi, shi ke nan sai baɗi. Amma a waɗannan shekaru biyun ma lig yana hannun Coton.

A 2007 ta dawo ta ci Les Astres ta Duwala 1-0. A 2008 ta lallasa Aigle Royal ta Dschang da ci 3-0.

In aka haɗa wasannin ƙarshen nan huɗu, Coton ta zura ƙwallo 7, an zura mata 1. Biyu daga ƙungiyoyin da ta doke na lardin Yamma ne, biyu na Duwala. Kuma kowane kofi daga cikin huɗun ya zo tare da kofin lig na shekarar, domin daga 2003 zuwa 2008 lig shida a jere ta ɗauka. Wannan ne ya bambanta ta da Kumbo Strikers ko Impôts, waɗanda sa'a ta faɗo musu a kaka guda. Ƙungiyar da ba a cika zura mata ƙwallo a wasan ƙarshe ba, ƙungiya ce da 'yan wasanta suka daɗe tare, mai tsaron gida ya san 'yan bayansa, ba a wayi gari rabinsu sun gudu saboda bashin albashi ba.

Me ya sa ita?

Amsar da aka fi bayarwa a kudu ita ce zafi. Gaskiya ne a watan Maris da Afrilu zafin Garwa yana wuce digiri 40, kuma ɗan wasan da ya saba da sanyin Bafusam ko Dschang, in ya shiga filin Roumdé Adjia na Garwa da rana tsaka, kafin a tafi hutun rabin lokaci harshensa ya fito. Amma wannan hujja ba ta kai ko'ina. Babu wasan ƙarshe ko ɗaya daga cikin huɗun da aka buga a Garwa, duka a Yawunde aka yi su. Sannan zafin nan bai san launin riga ba: yana nan a Marwa da Yagwa da Gidar, bai ba ƙungiyoyinsu kofi ba.

Nisa ma, in aka yi lissafi da kyau, Coton ya fi cuta. Daga Garwa zuwa Ngaundere wajen kilomita 280 ne a mota, da hawan dutsen nan mai lanƙwasa kafin a shiga gari, sannan a kama jirgin ƙasa na dare, wajen kilomita 620, a wayi gari a Yawunde. Mai zuwa Duwala ko Bafusam ko Bamenda kuma da sauran tafiya a gabansa. Ƙungiyar kudu tana yin wannan wahala sau ɗaya ko biyu a kaka, ta koma tana ba da labari. Ƙungiyar arewa kusan duk bayan mako biyu take yin ta. A nan ne asirin yake. Tafiyar da ke karya ƙungiyar Marwa ko Yagwa kafin a kai tsakiyar kaka, Coton tana da mai ɗaukar mata nauyinta. Kuɗin hanya, masauki, abinci, magani in ɗan wasa ya ji rauni, albashi a ƙarshen wata: abubuwa ne da ba a rubuta su a allon sakamako, amma su ne ke rubuta shi.

Albashin nan ne ya jawo mata 'yan wasa daga ko'ina. Rigar kore da fari ta 2008 ba 'yan Garwa kaɗai ke cikinta ba, akwai 'yan kudu da yawa da suka hau arewa neman inda ake biya, akwai kuma 'yan Nijar da masu sauraron rediyo a Maraɗi da Damagaram suka san sunayensu: mai tsaron gida Kassaly Daouda, ɗan wasan gaba Daouda Kamilou, da Lassina Abdoul Karim. Kocin shekarar, Alain Ouombléon Guédou, ɗan Kodebuwa ne. Wanda ya ce arewa ce ta doke kudu, sai ya bayyana mana matsayin ɗan Duwala da ya sa rigar Coton ya ci ƙungiyar garinsu.

Ba a nan kaɗai ta tsaya ba, ta kuma raini yara. Misalin da kowa ya sani shi ne Vincent Aboubakar, haifaffen Garwa a 1992, wanda ya tashi a hannun ƙungiyar, aka tafi da shi gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu yana ɗan wasan Coton, sannan ya wuce Valenciennes ta Faransa. Shi ne ya ci wa Kamaru ƙwallon da ta doke Masar 2-1 a wasan ƙarshe na kofin Afirka na 2017. Sayar da irin waɗannan yara waje ya zama wata hanyar shigar kuɗi, kuma ya sa uba a Garwa ya daina kallon ƙwallo a matsayin shiririta zalla.

Akwai zargi ɗaya da ba za a tsallake ba. Iya Mohammed, wanda ya daɗe yana shugabantar Sodecoton, shi ne kuma shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, Fecafoot, daga 1998 zuwa 2013. Ke nan duk kofunan da muke magana a kansu an ci su ne lokacin da mutum ɗaya ke riƙe da kamfanin da ke ciyar da ƙungiyar da kuma hukumar da ke naɗa alƙalan wasa. Magoya bayan Canon da Union ba su gaji da faɗin haka ba, kuma ko babu hujjar maguɗi, tsarin kansa bai yi kyau ba. Bai kamata a bar mutum ɗaya da riguna biyun nan ba. Sai dai lissafin shekaru bai goyi bayan masu cewa alfarma ce kawai ba. Lig na farko ya zo a 1997, kafin ya hau kujerar Fecafoot. An kama shi a watan Yunin 2013, kotu ta musamman ta yanke masa ɗaurin shekara 15 a 2015 kan almundahanar kuɗin kamfanin, amma Coton ta ci lig a 2013 da 2014 da 2015, ta ƙara a 2018 da 2021 da 2022 da 2023. Kofin Kamaru ma ta sake ɗauka a 2014 da 2022 ba ya nan.

Gwajin 2008

Inda aka fi gane nauyin ƙungiyar shi ne gasar zakarun Afirka ta 2008, domin can babu alƙalin Fecafoot. Ta fitar da Gombe United ta Najeriya, maƙwabta na kusa, ta fitar da JS Kabylie ta Aljeriya. A matakin rukuni ta faɗa tare da Enyimba ta Aba da TP Mazembe ta Kwango da Al Hilal ta Sudan, kuma ita ta zo ta ɗaya. A wasan kusa da na ƙarshe ta ci Dynamos ta Zimbabwe 1-0 a Harare, ta ƙara mata 4-0 a Garwa.

Sai Al Ahly ta Masar, ƙarƙashin Manuel José. A Alƙahira an ci Coton 2-0 tun kafin wasa ya yi nisa, Wael Gomaa da Flavio ɗan Angola suka zura. Ranar 16 ga Nuwamba 2008 aka dawo Roumdé Adjia. Ahmed Hassan ya fara ci wa baƙi, abin da ya sa Coton ke bukatar ƙwallo huɗu. Lassina Abdoul Karim ya rama daf da hutun rabin lokaci, Baba Ousmaila ya ƙara ta biyu, fili ya ɗauki zafi, 'yan kallo suka fara lissafin mintuna. Daf da tashi Shady Mohamed ya ci wa Ahly da bugun fenariti, aka tashi 2-2, jimilla 4-2. Ahly ta ɗaga kofinta na shida a tsakiyar Garwa. Abin lura, shugaban hukumar ƙwallon Afirka a lokacin shi ne Issa Hayatou, ɗan gidan sarautar Garwa, wanda ya riƙe kujerar daga 1988 zuwa 2017. A garin haihuwarsa aka miƙa wa Misirawa kofin. Masu cewa komai na Coton alfarma ce ba su cika son a tuna musu da wannan yammaci ba.

Rabon da wata ƙungiyar Kamaru ta kai wasan ƙarshe na wannan gasa tun Canon a 1980, kuma har yau ba a sake ba. Ahly ta ci gaba da zame wa Coton ƙarfen ƙafa: ita ta fitar da ita a wasan kusa da na ƙarshe na 2013 da bugun fenariti bayan kunnen doki 1-1 gida da waje, ta sake fitar da ita a irin wannan mataki a Kofin Confederation na 2014.

Sauran ƙungiyoyin arewa fa?

A nan ne maganar "arewa ta karɓe ƙwallo" take rushewa. Sahel ta Marwa, Espérance ta Gidar, Danay ta Yagwa, ƙungiyar jami'ar Ngaundere, Scorpion ta Bé, dukansu sun taɓa hawa rukunin farko. Babu wadda ta ci lig, babu wadda ta ɗauki Kofin Kamaru. Labarinsu kusan iri ɗaya ne: a sha wahala a gasar lardi, a tsallake interpoules, gari ya yi murna, a yi kaka ɗaya ko 'yan kakanni a sama, sannan a gangaro. In yaro ya yi fice a cikinsu, ba ya daɗewa sai a gan shi da rigar kore da fari, ko ya yi kudu. Ba laifin yaron ba ne, inda tukunya ke tafasa nan ake miƙa kwano.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yawancin irin waɗannan ƙungiyoyi sun dogara ne da aljihun mutum ɗaya, wani attajiri ko ɗan siyasa ko babban ma'aikaci ɗan garin. Ranar da kasuwa ta juya masa baya, ko zaɓe ya wuce, ko aka yi masa canjin wurin aiki, ranar ƙungiya ta fara mutuwa. Kuɗin ƙofa ba ya isa ko man mota zuwa Ngaundere. Manyan 'yan kasuwarmu na Garwa da Marwa da Kusiri, masu shanu da masu manyan motoci da masu shigo da kaya daga Mubi da Yola, za su gina masallaci, su kai mutane Makka, amma in aka zo da maganar ƙungiyar ƙwallo sai Alhaji ya ce, "Malam, ai wannan wasan yara ne." Ba na ganin laifinsu gaba ɗaya, domin babu wanda ya taɓa nuna musu littafin lissafin ƙungiya da zai sa mai hankali ya zuba dukiyarsa. A ƙasar Bamileke kuwa kusan kowane gari yana da ƙungiyarsa, 'yan garin da ke Duwala da Yawunde da Turai suna haɗa kuɗi. Shi ya sa in aka duba jerin waɗanda suka kai wasan ƙarshe za a ga Batié da Baham da Bafang da Dschang da Bangangté da Mbouda, garuruwa shida daga yanki guda. Daga lardunan arewa uku kuwa, masu faɗin ƙasa da yawan jama'a, suna ɗaya ake ta maimaitawa.

Wannan yana da haɗari ga Coton ɗin kanta. Ƙarfinta yana ɗaure da farashin auduga a kasuwar duniya, da damina, da ra'ayin wanda ke zaune a ofishin shugaban kamfani. Kuma rashin abokiyar hamayya ta kusa yana rage wa ƙwallon arewa armashi. Canon tana da Tonnerre a gari ɗaya, Union tana da maƙwabtanta a Duwala, mutanen Garwa kuwa sun daɗe suna jiran baƙi daga nesa kafin su ga babban wasa. Hawan Gazelle ta Garwa zuwa rukunin farko a 'yan shekarun nan ya ɗan cike wannan giɓi, ko da yake ita ma cikin Garwa take, ba Marwa ko Ngaundere ba.

Filin Roumdé Adjia, wanda aka gina a 1978, an sake masa fasali domin kofin Afirka da aka buga a farkon 2022. A nan Najeriya ta ci Masar 1-0, a nan kuma Tunisiya ta kori Najeriya da ci 1-0, 'yan kallon da suka tsallako daga Adamawar Najeriya suka koma gida jiki a sanyaye. A shekarar ce Coton ta doke Bamboutos ta Mbouda 1-0 ta ɗauki Kofin Kamaru karo na 7, bayan na 2011 da ta ci Unisport 3-0 da na 2014 da ta doke Panthère ta Bangangté. Lig na 2023 shi ne na 18 a tarihinta, adadin da ya wuce na Canon nesa ba kusa ba. A 2024 lig ya tafi Limbe hannun Victoria United, Kofin Kamaru kuma Colombe ta lardin Kudu ta ɗauke shi.